Yadda Ake Zaɓen Tawagar Ƙasa a Kurket na Wuni Ɗaya

Ranar Lahadi 19 ga Nuwamba 2023, tun da hantsi har bayan la'asar, ina zaune a fadarmu ta unguwar Birni ina kallon wasan ƙarshe na Kofin Duniya na kurket a wayar salula, abokaina suna shan shayi suna tsokanata cewa na tare a wasan Indiyawa. Da aka tashi, ƙanena, wanda shi kaɗai ya jure zama kusa da ni, ya ce: "Yaya, kai ka ce Indiya ta ci wasa goma a jere, kuma gwanayenta sun fi na kowa. To yaya aka yi Ostareliya ta kayar da ita a gidanta?" Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake.

Na koyi wasan ne a shekarun da na yi karatu a Indiya. A nan Damagaram kokawa muka sani, kuma wanda ya taɓa ganin yadda ake tace ƴan kokawa goma da za su wakilci jiha a gasar Takobi yana iya zaton aikin iri ɗaya ne. Akwai bambanci babba. A kokawa kowa shi kaɗai yake shiga fili, saboda haka goma mafi ƙarfi su ne goman da ake nema. A kurket kuwa ana iya tara gwanaye goma sha ɗaya mafi suna a ƙasa, a wayi gari babu wanda zai yi wani aiki da doka ta tilasta a yi. Mai zaɓe ayyuka yake fara jerawa, daga baya ya nemo wa kowane aiki mutuminsa.

Ga dokokin da duk lissafin yake tsaye a kansu. Kowane ɓangare yana da ƴan wasa 11. Ɓangare ɗaya yana jifan ƙwallo, ɗayan yana bugunta da sanda don tara maki, sannan a yi musanya. Kowane ɓangare yana samun oba 50 na bugu, oba ɗaya kuwa jifa shida ce, wato jifa 300 ke nan, sai dai idan an yi masa kaye goma, wato an fitar da masu bugunsa goma, kafin su cika, domin da kaye na goma bugunsa ya ƙare ko da saura oba ashirin. Ba a yarda mai jifa ɗaya ya wuce oba 10 ba. A Kofin Duniya kowace ƙasa tana miƙa sunayen mutum 15, daga cikinsu take fitar da 11 a kowane wasa. Tun wasan farko irin wannan da Ostareliya da Ingila suka buga a Melbon a Janairun 1971 ake ta gyara dokoki, amma iyakance rabon mai jifa ita ce ta fi kowace doka ɗaure hannun mai zaɓe.

Mataki na farko shi ne sanin inda za a je da lokacin da za a je, kafin a rubuta suna ko ɗaya. Tsirin ƙasar da ake jifa a kansa, mai tsawon kusan mita 20, ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. A Ingila akwai ciyawa da lumshi, sabuwar ƙwallo tana karkacewa a iska, masu jifan ƙarfi su ne sarakai. A Indiya da Siri Lanka da Bangaladash ƙasa busasshiya ce, ƙwallo tana cijewa ta juya, masu murɗa ta su ne ke cin kasuwa. A Ostareliya da Afirka ta Kudu ƙasa tana da tauri, ƙwallo tana tashi har ƙirji. Afganistan ta nuna amfanin wannan ilimi a 2023 lokacin da ta jera masu murɗa huɗu a birnin Chennai na Indiya, wato Rashid Khan da Mujeeb Ur Rahman da Mohammad Nabi da Noor Ahmad, ta doke Pakistan. Wannan jeri da wuya ya yi aiki a Johannesburg, inda birnin yake sama da mita 1,700 bisa teku kuma ƙwallo take tafiya kamar an harba ta. Duk mai shirin gasar 2027, wadda za a yi a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya, daga nan ya kamata ya fara. A haɗa da tambayar ko wasannin na rana ne ko masu kaiwa dare, domin raɓar dare tana jiƙa ƙwallo ta riƙa sulɓe wa mai murɗa daga yatsu.

Mataki na biyu shi ne cike oba hamsin na jifa, kuma ina ba da shawara a yi shi da takarda da alƙalami. A ja gida hamsin, a raba su uku yadda doka ta raba su. A oba goman farko mutum biyu kawai aka yarda su tsaya wajen da'irar da ke kewaye da tsakiyar fili, mai nisan kusan mita 27. Daga oba 11 zuwa 40 mutum huɗu ne, daga 41 zuwa 50 kuma biyar. Kowane kashi yana da irin mai jifan da yake so. Na farko yana son mutum biyu masu sarrafa sabuwar ƙwallo, kuma zai fi kyau ɗayansu ya zama bahago, domin ƙwallonsa tana zuwa wa mai bugu ta wata kusurwa dabam. Abin da ya sa Wasim Akram da Mitchell Starc da Trent Boult suka zama ciwon kai ke nan. Kashi na ƙarshe yana son mai sanyin zuciya wanda zai iya dasa ƙwallo daidai yatsun ƙafar mai bugu sau shida a jere, kuma ya iya rage mata gudu ba tare da an gane daga hannunsa ba, irin Lasith Malinga ko Jasprit Bumrah.

Kashi na tsakiya, oba talatin cif, shi ne wanda masu zaɓe suka fi raina wa, alhali shi ya fi tsawo. Kuskuren da ake yi shi ne a cike shi da masu hana maki kawai. Idan abokan karawa suka isa oba 40 da kaye biyu ko uku rak, to sauran goman za su zama ruwan duwatsu komai gwanintar mai jifan ƙarshe, domin ba su da abin da za su ji tsoron rasawa. Dole a sami aƙalla mutum ɗaya da aikinsa kaye ne a tsakiyar wasa, ko da zai ɗan zubar da maki. Galibi mai murɗa da wuyan hannu ne, kamar Adil Rashid na Ingila ko Kuldeep Yadav na Indiya ko Adam Zampa, wanda ya yi wa Ostareliya kaye 23 a gasar 2023. Wani lokaci kuma mai ƙarfi ne da ke dukan ƙasa da ƙwallo, kamar Liam Plunkett na Ingila, wanda ba a cika ambatonsa ba amma ya kayar da mutum uku a wasan ƙarshe na 2019. A lura kuma da gyaran da hukumar kurket ta duniya, ICC, ta yi a 2025: tun 2011 ana amfani da sababbin ƙwallaye biyu har ƙarshen bugu, yanzu kuwa bayan oba 34 ana zaɓar ɗaya a ƙarasa da ita. Tsohuwar ƙwallo ta fi laushi kuma tana iya karkacewa a iska ta gefen da ba a saba ba, don haka wanda ya iya aiki da ita darajarsa ta ƙaru.

Lissafi ya nuna mutum biyar sun isa, tunda biyar sau goma hamsin ne. A fili kuwa biyar ba su isa ba. Ranar da ɗaya ya ji ciwo a cinya a oba ta uku, ko aka gane sirrinsa aka yi ta dukansa, kyaftin ba shi da wurin ɓuya. Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina a wata ƴar gasa ta ɗalibai, inda na jera abokaina masu bugu na bar masu jifa na gaskiya huɗu kacal, ina cewa sauran obobin ma raba su tsakaninmu. Har yau ina ganin wani abokina tsaye riƙe da ƙwallo yana kallona, hannunsa na rawa, bayan an aika jifarsa uku a jere bayan katangar makaranta, ni kuma na waiga hagu da dama babu wanda zan miƙa wa ita. Tun daga ranar ba na amincewa da jerin da ba shi da mai jifa na shida.

Wannan ya kawo mu mataki na uku, wanda shi ne zuciyar aikin: kujera ta bakwai a jerin shiga bugu. Idan aka ba masu bugu da mai tsaron turaku, wato mai tsayawa bayan turaku ukun da ake auna da jifa yana cafke ƙwallo, kujeru shida na sama, aka ba masu jifa huɗu na ƙasa, saura kujera ɗaya, kuma a kanta ne tawaga take daidaita ko ta karkace. In aka ba mai bugu zalla, jifa ta gaza. In aka ba mai jifa zalla, bugu ya gajarta. Wanda ake nema shi ne mai kaifi biyu, wanda zai iya jefa obansa goma kuma ya iya buga maki hamsin a ranar da ake buƙata, sannan a samu wani daga cikin shida na sama da zai iya ɗaukar oba huɗu ko biyar ba tare da an yi ɓarna ba. A duba waɗanda suka ɗauki kofi. Indiya a 2011 tana da Yuvraj Singh, wanda ya ci maki 362 ya kuma yi kaye 15. Ingila a 2019 tana da Ben Stokes a kujera ta biyar da Chris Woakes a ta bakwai, wato masu jifa shida ba tare da an rage bugu ba. Siri Lanka a 1996 masu bugunta na sama, Sanath Jayasuriya da Aravinda de Silva, duk suna murɗa ƙwallo, har de Silva ya yi kaye uku kuma ya ci 107 a wasan ƙarshe.

A nan ne amsar tambayar ƙanena take, a ganina. Indiya ta shiga gasar 2023 da Hardik Pandya a matsayin mai kaifi biyu, sai ya ji ciwo a idon sawu a wasa da Bangaladash a Pune. Babu wani irinsa a cikin sha biyar ɗin, don haka sai da aka sa mutum biyu su maye gurbin aikinsa: Suryakumar Yadav don bugu, Mohammed Shami don jifa. Shami ya yi abin mamaki, kaye 24 a wasa bakwai, wanda ya fi na kowa a gasar, kuma nasarar da aka yi ta samu ta rufe tsagar da ke bango. Tsagar ita ce daga kujera ta takwas zuwa ƙasa babu mai bugu abin dogaro. A wasan ƙarshe a Ahmedabad, da aka kayar da uku daga cikin na sama da wuri, Virat Kohli da KL Rahul suka waiga suka ga abin da ke bayansu, sai suka kama taka-tsantsan. Rahul ya ci 66 cikin jifa 107, tawagar duka ta tsaya a 240, Ostareliya ta cim mata da kaye huɗu kawai. Tsoron gajeren baya yana hana na gaba sakin jiki, ko da kuwa su ne gwanayen duniya.

Saboda haka a yi hattara da abu biyu. Kada a yaudari kai da mai rabi-da-rabi, wanda bai isa shiga tawaga da bugunsa kaɗai ba kuma bai isa da jifarsa kaɗai ba. Gwajin da nake yi shi ne in tambayi kaina ko zan ɗauke shi da a ce hannu ɗaya kawai ya iya. Sannan a tabbata mai kujera ta takwas ya iya riƙe sanda. Ba sai ya iya cin maki ba, tsayuwa ma aiki ce. Lokacin da Glenn Maxwell ya ci 201 a kan Afganistan a Mumbai, bayan Ostareliya ta zube zuwa 91 da kaye bakwai, Pat Cummins ne ya tsaya masa a ɗaya gefen da maki 12 cikin jifa 68, kuma ba don tsayuwar nan ba da babu labarin.

Mataki na huɗu shi ne jera masu bugu. Biyun farko su ne masu cin gajiyar oba goman da fili yake a buɗe, don haka aƙalla ɗayansu ya zama mai kai hari tun jifar farko. Siri Lanka ce ta fito da wannan dabara fili a 1996 da Jayasuriya da Romesh Kaluwitharana, kuma tun daga nan ba a koma baya ba. Na uku shi ne ginshiƙi, mafi cikar fasaha a ƙasa, domin yana iya shiga a oba ta farko ko ta ashirin kuma ana so ya kai ta arba'in. Na huɗu da na biyar dole su ƙware a kan masu murɗa, su iya tsintar maki ɗaya-ɗaya da bibbiyu a tsakiyar wasa ba tare da ƙwallo ta tashi sama ba. Na shida shi ne mai rufewa, aikin da Michael Bevan da MS Dhoni suka yi suna a kansa, kuma abin da ake nema a wurinsa shi ne ya zama mai lissafi, wanda ya san maki nawa ake bi da jifa nawa suka rage da kuma wane mai jifa ne obansa suka ƙare. A cakuɗa bahago ɗaya ko biyu a cikin shidan nan, domin duk lokacin da bahago da na-dama suka yi musayar gefe sai mai jifa ya canza layi, masu tsaron fili su canza wuri.

Mai tsaron turaku a wannan zamani dole ya cancanci kujera cikin bakwai na sama da bugunsa. Adam Gilchrist ya ci 149 a wasan ƙarshe na 2007, Dhoni ya ci 91 a na 2011. Amma idan za a je ƙasar da ƙwallo take juyawa, kada a ba safar hannu ga wanda bai saba tsayawa dab da turaku ba, domin kaye ɗaya da ya kuɓuce masa yana iya fin makin da zai ci. Kyaftin kuma a zaɓe shi daga cikin waɗanda kujerarsu ba ta da gardama. Ingila ta sauke Alastair Cook ana saura wata biyu gasar 2015 saboda bugunsa ya ja baya, ta naɗa Eoin Morgan a gurguje, aka fitar da ita tun zagayen rukuni bayan Bangaladash ta doke ta a Adelaide. Darasin da ta ɗauka shi ne ta bar Morgan a kan kujerar shekara huɗu, ta zaɓo masa masu bugun da suka dace da salon kai hari, har ta ci 481 a kan Ostareliya a 2018 kuma ta ɗauki kofi a 2019.

Tsaron fili ba ya fitowa a jadawalin alƙaluma, amma idan mutum biyu suka yi kunnen doki, shi ne alƙali. Kamun ƙwallo a sama da Travis Head na Ostareliya ya yi, wanda ya fitar da kyaftin ɗin Indiya Rohit Sharma, yana gudu da baya a Ahmedabad shi ya fara juya wasan. Tawaga tana iya ɓoye mai nauyin jiki ɗaya a fili, biyu kuwa sai an gan su.

Mataki na biyar shi ne karanta alƙaluma da hankali. Ga mai bugu ana duba matsakaicin makinsa, wato jimillar abin da ya ci a raba da yawan kayen da aka yi masa, da kuma saurinsa, wato maki nawa yake ci a jifa ɗari. Ga mai jifa ana duba maki nawa yake bayarwa a oba, da jifa nawa yake yi kafin ya sami kaye. Ɗaya ba ya isa ba tare da ɗayan ba, kuma kowanne sai an auna shi da kujerar mutum. Mai rufewa da ke shiga a oba ta 42 ba za a auna shi da ma'aunin na uku ba, haka mai jifan ƙarshe dole makinsa ya fi na mai jifan tsakiya yawa. A ware alƙaluman shekara biyu na baya-bayan nan, a ware na gida da na waje, a ware na manyan abokan karawa da na ƙanana. Kada kuma a ɗauki bajintar gajeren wasa mai oba 20 a matsayin shaida kai tsaye, domin wanda ya saba jefa oba huɗu bai tabbata zai iya dawowa sau uku cikin zafin rana ya cika goma ba.

Mataki na shida shi ne kujeru huɗu na ajiya, kuma ƙa'idarsu ita ce kowane aiki a cikin sha ɗayan ya zama yana da magaji. Yadda na fi so shi ne mai bugu ɗaya wanda ya iya tsaron turaku, mai jifan ƙarfi ɗaya, mai murɗa ɗaya, sai mai kaifi biyu na biyu, domin abin da ya sami Indiya. Wurin gasa yana iya sa a canza rabon: a Afirka ta Kudu a ƙara mai ƙarfi, a Indiya a ƙara mai murɗa. Gasar 2023 wasa tara kowace ƙasa ta buga kafin ma a kai kusa da ƙarshe, ga tafiye-tafiye tsakanin birane, don haka masu jifan ƙarfi suna buƙatar hutu ko ba su ji ciwo ba. Tafiya da mai rauni caca ce, kuma ba a yin ta sai a kan mutum ɗaya wanda ba shi da tamka. Ostareliya ta yi ta a kan Head, wanda ya karye a hannu ya rasa wasa biyar na farko, ya dawo ya ci 109 a kan Niyu Zilan sannan 137 a wasan ƙarshe. Da mutum biyu ko uku ta yi wa haka, da ta ƙare da tawagar da ba ta da canji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara biyu kafin gasa a tara mutum ashirin da biyar zuwa talatin, a riƙa juya su. Shekara ɗaya kafin ta a tsayar da kujerun, kowa ya buga a inda zai buga a gasar, a faɗa masa aikinsa baki da baki, kuma a ba shi wasanni da dama a jere kafin a yanke masa hukunci. Kujera ɗaya kawai za a bari a buɗe saboda wanda zai ɓullo a makare da abin da tawaga ba ta da shi. Haka Ingila ta yi da Jofra Archer, wanda ya fara buga mata a Mayun 2019 ana saura makonni gasa, aka ajiye David Willey saboda shi, ya yi kaye 20 kuma shi aka miƙa wa ƙwallo a obar raba gardama bayan an yi kunnen doki a wasan ƙarshe a filin Lord's na Landan. Wanda aka ajiye kuwa, shugaban masu zaɓe ya kira shi da kansa kafin ya ji a rediyo, domin bayan an rufe rajista ba a canza suna sai da rauni da amincewar kwamitin gasa, kuma mai yiwuwa shi ɗin ne za a nema.

Ranar wasa ana miƙa sunayen sha ɗaya kafin a jefa kwabon zaɓen wanda zai fara bugu, saboda haka jerin dole ya iya fara bugu kuma ya iya bin maki. Da safe kyaftin da koci su je su duba tsirin da idonsu, su danna shi da yatsa, su tambayi mai kula da fili ko an yi wasa a kansa kwanan nan da kuma ƙarfe nawa raɓa take sauka. Daga nan a ɗauko takardar nan mai gida hamsin, a rubuta sunan mai jifa a kowane gida, sannan a soke sunan wanda aka fi dogara da shi a sake cike gidajensa goma da waɗanda suka rage. Idan gidajen suka cika, a miƙa sunayen. Idan wasu suka zauna babu kowa, a koma kujera ta bakwai a sake duba wanda aka zaunar a kanta.